Tokar Ferris da Asusun Jana'izarmu

Shekarata ta farko a Pittsburgh ta ƙasar Amurka ban taɓa ƙarfe ba. Ni da na yi shekara goma sha huɗu ina walda a Katsina, ina haɗa ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa, har da yara shida a ƙarƙashina, sai ga ni ina wanke tukwane a bayan wani gidan abinci tun daga La'asar har tsakar dare. Duk inda na je neman aikin hannuna tambaya ɗaya ce: ina takardarka? Na nuna hotunan aikina a waya, a yaba, a ce in dawo da takarda. Abin da ya fi cin raina shi ne garin nan garin ƙarfe ne. Koguna biyu, Allegheny da Monongahela, sun haɗu a tsakiyarsa sun haifi kogin Ohio, kuma gadoji sun fi 400. Kullum sai na tsallaka ɗaya daga cikin gadojin nan masu fentin ruwan ɗorawa, ina kallon mahaɗar ƙarafan kamar mai azumi a bakin tukunya.

Ɗakin da muka kama a unguwar North Side yake. Wata safiya ina jiran bas cikin sanyin da ke shiga har ɓargo, na tsaya karanta wani allo shuɗi mai rubutun ruwan zinariya, irin waɗanda jihar Pennsylvania ke kafawa a wuraren tarihi. A lokacin komai na gani karantawa nake yi, don in gyara Turancina. Allon na wani injiniya ne, George Washington Gale Ferris, wanda ya zauna a titin Arch, layin da nake bi kusan kullum. Sai da na maimaita sunan a bakina sannan na gane. Ashe katon lilon nan mai kama da wilin keke, wanda ke ɗaga mutane sama ya sauko da su a wuraren wasan yara, sunan mutum ne a kansa. Kuma mutumin maƙwabcina ne, shekara ɗari da ɗoriya ce kawai ta raba mu.

Baƙo makahon gari ne, kuma kaɗaici na sa mutum ya yi abota da abin da bai zata ba. Ni da mamaci na yi. Ranar hutuna nakan shiga ɗakin karatun unguwa, da farko don ɗumi, daga baya don Ferris.

Abin da ya fara ja na gare shi sana'arsa ce. An haife shi a 1859 a Galesburg ta jihar Illinois, ya tashi a Carson City ta Nevada, ya gama karatun injiniya a makarantar Rensselaer a 1881. Da ya zo Pittsburgh sai ya kafa kamfanin da aikinsa shi ne gwada ƙarfe da dubawa kafin a sa shi a gada ko layin dogo. Wato mutum ne da ake biya don ya ce wannan ƙarfen zai ɗauka, wancan zai karye. Duk mai walda ya san irin wannan mutumin, kuma ya san ba a cika son ganinsa ba.

Sai ga baje kolin duniya na Chicago na 1893. Faransawa sun riga sun yi nasu a Paris a 1889, sun kafa hasumiyar Eiffel, duniya na ta magana. Daniel Burnham, wanda ke shugabantar gine-ginen baje kolin, ya ƙalubalanci injiniyoyin Amurka su kawo abin da zai kere wa na Faransa. Yawancinsu hasumiya suka zana, sai dai ta fi tsawo. Ferris, yana ɗan shekara 33, ya ce shi wili zai yi, wanda zai ɗauki mutane sama da dubu biyu ya juya da su a sama. Ƙananan lilo na katako masu juyawa sun daɗe a duniya, ba shi ya fara ba. Abin da ya kawo sabo shi ne girma da lissafi: a yi shi kamar wilin keke, siraran sandunan ƙarfe su riƙe da'irar ta hanyar ja, ba sai an tara ƙarfe mai kauri ba. Masu baje kolin suka ji tsoro. Suka amince, suka janye, sai a Disambar 1892 suka ba shi izini, da sharaɗin ya nemo kuɗinsa da kansa.

A nan ne na ajiye littafin na yi shiru, domin na riga na ɗanɗani hunturu a ƙasar nan. Cikin tsananin sanyin Chicago suka haƙa tushe. Ƙasa ta daskare har sai da nakiya ake fasa ta, ana hura tururi cikin kankare don kada ya ƙanƙare kafin ya kama. Sandar tsakiya da dukan wilin ke juyawa a kanta, wadda kamfanin Bethlehem ya ƙera, tsawonta ya haura ƙafa 45, nauyinta kusan tan 70, kuma sai da aka ɗaga ta sama aka ɗora a kan hasumiyoyi biyu. Ga shi a zamanin ba a haɗa irin wannan gini da walda. Kusoshin ƙarfe ake gasawa a wuta, a zura a rami, a dandaƙe kansu da guduma, ga kuma noti. Ranar da aka fara gwada juya shi, kafin a rataya ɗakunan fasinja, notuna da kayan aikin da ma'aikata suka manta a sama suka riƙa zubowa kamar ƙanƙara. Wannan ya ba ni dariya ni kaɗai a ɗakin karatu, don na tuna yarana na Katsina da yadda sifana ke ɓacewa a cikin tanki.

An buɗe baje kolin ranar 1 ga Mayu, wilin bai kammala ba sai 21 ga Yuni. Tsayinsa ƙafa 264, kimanin mita 80. Ɗakuna 36 ne a rataye, kowanne kamar taragon jirgin ƙasa, yana cin mutum 60, jimla 2,160 a tashi ɗaya. Injin tururi ke juya shi. Kuɗin hawa santi 50, daidai da kuɗin shiga baje kolin gaba ɗaya, a yi maka zagaye biyu cikin minti ashirin. Matarsa Margaret na cikin waɗanda suka fara hawa tun ana gwaji, lokacin da mutane da yawa ke jiran su ga abin ya rufto. Bai rufto ba. Kusan mutum miliyan ɗaya da rabi suka biya suka hau.

Wani abu da ban zata ba: a filin Midway inda aka kafa wilin, an kuma kafa abin da suka kira ƙauyen Dahomey, aka kwaso mutane daga ƙasar da yau ake kira Benin aka ajiye su ana biyan kuɗi ana kallonsu. Maƙwabtanmu ke nan. Na daɗe ina tunanin me suka riƙa cewa da harshensu in sun ɗaga kai sun ga wannan abu yana juyawa da fitilu dubbai cikin dare, da kuma yadda suka yi da kewar gida.

Har zuwa nan labarin irin wanda na zo Amurka da shi ne a kaina: mai fasaha ya yi aiki, ya ci gajiyarsa. Sauran ne ya dagula min lissafi. Wilin ya tara sama da dala 700,000, amma Ferris ya ƙare yana shari'a da masu baje kolin kan kasonsa, ga wasu kuma sun kai shi kotu suna cewa fasaharsu ya ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka kwance wilin aka sake kafa shi a arewacin Chicago a 1895, kasuwa ba ta yi ba. Bashi ya taru, shi da matarsa suka rabu, ba su da ɗa. Ranar 22 ga Nuwamban 1896 ya rasu a asibitin Mercy da ke nan Pittsburgh, yana da shekara 37. Taifod ce ta kashe shi, wannan taifod ɗin da muke fama da ita a gida, domin a lokacin garin nan ruwan kogi yake sha ba tacewa, kuma yana cikin garuruwan da cutar ta fi yi wa ɓarna a Amurka. Wilin kuwa an kai shi baje kolin St. Louis a 1904, a 1906 aka sa nakiya aka tarwatsa shi aka sayar a matsayin ƙarfen jari bola.

An ƙona gawarsa, kamar yadda wasu ke yi a nan. Tokar ta fi shekara guda a wurin da aka ƙona ta, ba wanda ya zo ya karɓa.

Wannan layin ya hana ni barci. Ba asarar kuɗin ce ta dame ni ba, ɗan kasuwa ya san faɗuwa. Mutum ne a ƙasarsa, da harshensa, da takardar makaranta, da sunan da jaridu suka buga, amma ya rasa wanda zai zo ya ce nawa ne, ku ba ni shi. To ni fa? A Katsina in mutum ya cika da Asuba, kafin Azahar an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwanci, kuma ba wanda ya tambayi nawa ne a aljihunsa. Maƙwabta ne ke haƙa kabari. A nan kuwa kabari sayensa ake yi, ga kuɗin gidan da ke shirya gawa, ga takardu, dubban daloli kafin a ce an rufe mutum. Ni a lokacin lambar wayar mutum uku kawai gare ni a garin. Uwargida da 'yarmu, sai mai gidan haya.

Gaskiya laifina ne. Tun zuwanmu wani dattijo, Bahaushen zangon Kumasi da ya fi shekara ashirin a nan, ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce in riƙa zuwa taron 'yan Afirka ta Yamma da suke yi ƙarshen wata. Na ce to, ban je ba. Kunya nake ji a tambaye ni aikin me nake yi in ce wanke-wanke. Kuma ina ganin kuɗin da suke tarawa ɓata dala ne ga wanda ke ƙirga kuɗin bas.

Juma'ar da ta biyo na neme shi da kaina. Na ce, "Alhaji, maganar asusun nan na jana'iza, har yanzu ana shiga?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Lafiya dai, ɗana? Wani abu likita ya ce maka?"

Na ce lafiya lau, labarin wani Bature ne da ya mutu a 1896 ya tsorata ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ciro littafi daga aljihun jamfarsa ya rubuta sunana.

Taron a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wani mutumin Senegal ake yi. Akwai 'yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Gini, mu 'yan Najeriya ba mu fi huɗu ba. Ana shan shayi, ana gardamar ƙwallo, kowa ya ajiye abin da aka yanka masa. A wannan ɗakin ne wani Bazabarme ya ji ni mai walda ne ya ce, "Kai kuma me kake yi a kicin?" Shi ya nuna min kwas ɗin dare a kwalejin al'umma, ya gaya min yadda ake neman tallafin kuɗin makaranta. Wata tara na yi. Ranar jarrabawa aka ba ni faranti biyu na ƙarfe na haɗa, aka yanka mahaɗar aka lanƙwasa ta a inji don a ga ko za ta tsage. Mai dubawa ya juya ta a hannunsa ya daɗe yana kallo, ni kuwa ina tsaye ina tunanin ga jikan sana'ar Ferris. Ba ta tsage ba.

Tun daga lokacin mun rufe mutum biyu daga asusun. Na biyun wani matashi ne direban babbar mota, ba shi da kowa a Amurka. Mu muka yi masa wanka, mu muka tsaya a sahu cikin dusar ƙanƙara, Alhaji ya kira mahaifiyarsa a waya ta ji ana sallar.

Bara da rani na cika wa 'yata alkawari, muka tuƙa mota kusan awa takwas zuwa Chicago. A Navy Pier, bakin tafkin Michigan, akwai wilin da aka buɗe a 2016, tsayinsa kusan ƙafa 200. Na tsaya a ƙasa na ɗaga kai har hulata ta faɗi, ina ƙoƙarin ƙara ƙafa sittin da wani abu a kansa a cikin raina, don in ga tsawon na 1893. Uwargida ta ce ita ko da kuɗi aka haɗa ta ba ta hawa, ta riƙe mana jaka.

Da muka kai ƙololuwa yarinya ta manna fuska a gilashi tana nuna min jiragen ruwa da dogayen benaye. Ni kuwa idona na kan mahaɗar ƙarfen da ke riƙe da ɗakinmu.

"Abba, ka kalli ruwa mana! Me kake kallo a nan?"

Na ce, "Aikin wani nake dubawa, uwata."

"Ya iya?"

Na sake duba layin waldar, sumul kamar an jera tsaba. Na ce mata ya iya.