Abin da Na Koya a Kwas ɗin Tattalin Arzikin Tsaro

A shekarata ta ƙarshe a sashen nazarin tattalin arziki na ɗauki wani kwas da yawancin abokan karatuna suka kauce masa, wato tattalin arzikin tsaro. Cewa suka yi harkar sojoji ce. Ni kuwa tambayar da ake yi a kowace majalisa a garinmu ce ta kai ni: biliyoyin da ake ware wa tsaro duk shekara ina suke shiga, tunda har yanzu akwai hanyoyin da ba a bi bayan la'asar?

Mun fara da dalilin da ya sa tsaro yake hannun hukuma. Idan soja ya tsare iyaka, wanda ya biya haraji da wanda bai biya ba duk sun kwana lafiya, don haka babu ɗan kasuwar da zai iya sayar da tsaro ɗai-ɗai. Haka abin yake tsakanin ƙasashe. A 1966 masana tattalin arziki Mancur Olson da Richard Zeckhauser suka nuna cewa a ƙawancen tsaro irin na NATO babbar ƙasa ke ɗaukar kayan da ya fi rabonta, ƙananan su fake a bayanta. Wannan ƙorafi na cikin abin da ya sa a taron NATO da aka yi a Wales a 2014 ƙasashen ƙawancen suka yi alkawarin nufar kashe kashi 2 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan tsaro. Malaminmu ya sa muka auna rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, mai hedikwata a N'Djamena, da wannan ma'auni: wa ke zuba kuɗi, wa ke ba da dakaru, wa ya fi amfana. Ranar muhawara ta yi zafi.

Sai batun abin da aka rasa. Eisenhower, janar ɗin da ya zama shugaban Amurka, ya ce a 1953 kowace bindiga da aka ƙera tamkar sata ce daga masu jin yunwa. Maganar tana da nauyi, amma wanda ya ga gonar da aka bari ba noma saboda 'yan bindiga, ko ya ga yadda cinikin kifi ya durƙushe a Baga, ya san rashin tsaro ma yana cin abincin mutane. Emile Benoit ya fitar da bincike a 1973 da ya nuna kamar kashe kuɗi kan soja na tafiya tare da bunƙasar arziki a ƙasashe masu tasowa. Masana da dama suka ƙalubalance shi, har yau ana ja.

Inda kwas ɗin ya fi kama ni shi ne aikin alƙaluma. Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Stockholm ta ce a 2023 duniya ta kashe dala biliyan 2,443 a kan soja, Amurka kaɗai biliyan 916. Samun irin wannan adadi ba wuya. Da aka ce mu auna abin da kuɗin suka sayo, sai aji ya yi tsit. Makaranta tana da sakamakon jarrabawa, asibiti yana da yawan waɗanda suka warke. Tsaro fa? Harin da ba a kai ba, ba ya shiga rajista. Shi ya sa gwamnatoci ke tinƙaho da yawan jirage da motocin sulke, alhali kayan aiki ne kawai, ba su ne zaman lafiyar ba.

Su ma kayan, farashin saye ba shi ne ɗawainiyar ba. Duk wanda ya riƙe doki ya san kuɗin sayensa sau ɗaya ne, harawa da dusa kuwa kullum ne. A 2024 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta cewa shirin jirgin yaƙin Amurka samfurin F-35 zai ci sama da dala tiriliyan 2 tsawon rayuwarsa, kusan tiriliyan 1.6 daga ciki na gyara da kulawa ne. Da wannan idon na koma kallon jiragen yaƙi samfurin Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021: mai, kayan gyara, horar da matuƙa da makanikai, galibi da dala, shekara bayan shekara.

Takardar da na rubuta a ƙarshen zango a kan sirri ce. Na yarda akwai abin da dole a ɓoye, kamar inda dakaru za su kwana da ranar da za su fita. Amma albashi, alawus ɗin sojan da ke daji da kwangilar takalma ba su da dalilin ɓuya. A 2018 ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗaɗen tsaro da ake bai wa gwamnoni da wasu manyan jami'ai a Najeriya, ba tare da cikakken bin ba'asi ba, sun kai kimanin dala miliyan 670 a shekara. Shawarar da na kare a gaban aji ita ce a raba kasafin tsaro gida biyu: ƙaramin kaso na sirri da wani kwamitin majalisa zai duba a asirce, sauran kuma babban mai binciken kuɗi ya bi su dalla-dalla, ya wallafa rahoto kamar na kowace ma'aikata.