Asabar a New Orleans

Da hantsi ƙanina ya tuƙo mu daga Baton Rouge, inda yake karatu, zuwa New Orleans, a jihar Louisiana ta Amurka. Shi burinsa mu zauna bakin kogin Mississippi mu ci kifi. Ni kuwa tun kafin in baro gida na ƙudurta sai na ga tsohon gidan sistocin Katolika da ke titin Chartres, a unguwar French Quarter. Ya ce, "Yaya, me za ka gani a gidan sistoci?" Na ce masa ana cewa a duk kwarin Mississippi babu ginin da ya girme shi, kuma ba a shiga gari a ƙi gaida dattijon garin.

Gini ne fari mai hawa biyu, da wasu ƙananan tagogi a jikin rufi, an kewaye shi da katanga. Ba shi da wani ado. Yanzu gidan tarihi ne, sai ka yanki tikiti a ƙofa. Wata dattijuwa mai sanyin murya ce ta zagaya da mu, kuma daga yadda take magana ka san tana ƙaunar gidan.

A 1727 sistoci 12 na ƙungiyar Ursuline suka iso daga birnin Rouen na Faransa, bayan kusan wata 5 a kan teku. Lokacin shekarar garin 9 da kafuwa, ba komai sai fadama da sauro da zazzaɓi. An kawo su ne don jinyar sojoji, amma suna sauka suka buɗe makarantar 'yan mata, wadda har yau take aiki a wata unguwa. A 1729, da mutanen Natchez, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, suka far wa sansanin Faransawa da ya mamaye musu ƙasa, marayun da aka kwaso hannun matan nan aka damƙa su. Ginin farko na 1734 danshi ya cinye shi, sai aka zana wannan a 1745, aka kammala wajen 1752. Gobarar 1788 ta lashe gine-gine 856 a garin, shi kuwa ya tsira.

Inda na fi daɗewa shi ne gindin matakalar bene. Ta katako ce, an ciro ta daga ginin farko, saboda haka ta girmi gidan kansa. Tsakiyar kowane mataki ya lotsa don yawan taku. Na tsaya ina lissafin masu hawa da sauka: sista da fitila a hannu, marainiya da aka kawo cikin dare, da kuma baiwar da ke ɗauke da ruwa. Don sistocin nan sun mallaki bayi. Na tambayi dattijuwar, ba ta ɓoye ba. Ta ce sun koyar da 'yan mata baƙar fata, 'ya'ya da bayi, da 'ya'yan mutanen ƙasar na asali, a zamanin da ba mai yi, kuma a lokaci guda suna da mutanen da suke yi musu bauta. Akasarin bayin da Faransawa suka kawo Louisiana daga yankin Senegal da Gambiya aka kamo su, cikinsu har da Musulmi. Zuciyata ta yi nauyi. Ba zan hana matan nan yabon da suka cancanta ba, sun riƙi maraya, sun yi jinyar wanda kowa ke gudu. Amma ina so a riƙa ambaton wadda ta share matakalar nan kamar yadda ake ambaton wadda ta hau ta da carbi.

Sauran na wuce su da sauri. Akwai batun wasiƙar da Shugaba Thomas Jefferson ya aiko wa sistocin a 1804, bayan Amurka ta sayi Louisiana, yana ba su tabbacin ba za a taɓa dukiyarsu ba. A 1824 suka tashi, gidan ya zama mazaunin bishop. Cocin da ke manne da shi an gina ta a 1845, daga baya ta zama ta 'yan ci-ranin Italiya. Da muka fito mun tarar da ayarin 'yan yawon buɗe ido a bakin katanga, wani yana nuna musu tagogin rufin yana ba su tatsuniyar masu shan jini da wai aka kulle a ciki. Abin ya ɓata min rai. Gida mai wannan tarihi bai kamata a sayar da shi da ƙarya ba.

Azahar ta yi, ƙanina ya ce akwai ƙaramin masallaci gaba da unguwar Tremé, sai muka taka. Muka tsallake titin Rampart, muka bi ta tsakanin gidajen katako masu launi-launi, har muka iso titin Claiborne, inda babbar gadar sama ta I-10 ta rufe sararin sama. Da can titin nan shi ne kasuwar baƙar fatan garin, da layukan manyan itatuwa a tsakiyarsa. A shekarun 1960 aka sare su aka ɗora gada. Yanzu hoton itatuwan ne kawai aka zana a jikin ginshiƙan siminti.

A ƙarƙashin gadar mutane ke kwana. Wasu wuraren an kewaye su da waya don kada a zauna, amma inda aka samu sarari akwai kwali a shimfiɗe, da bargo, da amalanken kanti cike da ledoji. Wata mata tana wanke fuska da ruwan gora. Rugugin motocin da ke wucewa a sama ba ya tsayawa ko na minti ɗaya. Tsakanin nan da gidan sistocin, tafiyar ƙafa ce da ba ta wuce minti 20 ba.

Ƙanina ya kama hannuna ya ce, "Yaya, mu yi sauri, nan ba a tsayawa." Na san tsoro yake ji mini, amma wani dattijo da ke zaune kan bokiti ya riga ya gaishe mu, kuma ba zan iya wuce gaisuwar mai furfura ba. Na ce, "Sannu Baba, ya jiki?" don na ga ƙafarsa a kumbure, an naɗe ta da tsumma. Ya ce ciwon suga ne. A garin aka haife shi, ya yi shekaru yana wanke kwanuka a otal-otal ɗin da muka wuce. Bayan ambaliyar da guguwar Katrina ta haddasa aka kwashe su zuwa Texas, da ya dawo ya tarar an rushe gidajen gwamnatin da ya tashi a ciki. Ya kama ɗakin haya, ya riƙe shi shekara da shekaru, har ƙafa ta hana shi tsayuwa, mai gida kuma ya ƙara kuɗi.

Labarinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. A watan Agusta na 2005 ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na garin. A ƙarshen 2007 majalisar birnin ta amince a rushe manyan rukunan gidajen gwamnati huɗu, masu ɗauke da gidaje kusan 4,500, kuma a shekarar an ƙidaya mutum fiye da 11,000 da ba su da matsuguni. Adadin ya ragu ƙwarai tun daga nan, wannan aikin ƙungiyoyin agaji ne da coci-coci, a yaba musu. Sai dai mafi ƙarancin albashi a Louisiana har yanzu dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba, gidajen unguwannin nan kuma da yawa an mayar da su masaukin baƙi na kwana biyu ko uku. A Janairun 2025, gab da Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka da aka yi a garin, gwamnatin jihar ta kwashe masu kwana a titi zuwa wani sito a Gentilly, nesa da idon baƙi.

Wannan shi ne abin da ya tsaya min a rai duk yinin nan. Garin ya san yadda ake adana gidan da aka gina don wanda ba shi da kowa. An gyara rufinsa, an datse furanninsa. Dattijon da ya wanke kwanukan da baƙin garin suka ci abinci a ciki kuwa, inuwar gada ya samu. Ban ce a bar ginin ya rushe ba, na ji daɗin ganinsa. Amma marainiyar 1729 ta samu ƙofar da za ta ƙwanƙwasa cikin dare, shi kuma sai ya bi layi a gidan kwanan marasa matsuguni tun da rana, wani lokacin a ce gadaje sun cika.

Bayan mun yi sallah muka sayo shinkafa da jan wake, abincin garin, muka kawo masa. Ya raba biyu ya miƙa wa matar da ke kusa da shi. Na tambaye shi me ya fi buƙata. Ya ce sunansa na cikin jerin masu jiran gida, amma an sace masa waya yana barci, ma'aikaciyar da ke bin takardunsa ba ta da hanyar samunsa.

Kifin dai ba mu ci ba. A hanyar dawowa ƙanina ya yi shiru har muka yi nisa, sannan ya ce yana da tsohuwar waya a ɗakinsa, kuma ranar Juma'a zai shigo garin. Na ce ya haɗa da caja da safa masu kauri, ni zan biya kuɗin layin.