Sensar zafin ruwa: a auna kafin a saya

Mai mota ba ya zuwa gareji ya ce sensarsa ta lalace. Cewa yake yi: "Oga, motar nan ta koma shan mai, ga baƙin hayaƙi, in ta ɗau zafi kuma tashi sai da lallashi." Galibi kafin ya iso wurinmu an canja masa filogi, an wanke nozul, kuɗi sun tafi, ciwo na nan.

Sensar zafin ruwa ba ta wuce babban yatsa ba. Tana ɗaure kusa da gidan tamostat, wato abin da ke tare ruwa kada ya wuce lagireto sai inji ya yi zafi, bakinta cikin ruwan da ke zagaya inji, ita ke gaya wa kwamfutar mota, wadda yarana ke kira burenbos, ko inji ya yi zafi ko da saura. Da wannan labarin ake yanke yawan man da za a ba inji da lokacin tashin fanka.

Ni na fi so a bar min motar ta kwana. Da sassafe, kafin a tayar, sai in jona na'urar da ke karanta kwamfutar mota in duba zafin ruwa da na iskar da inji ke shaƙa. Motar da ta kwana, su biyun kusan ɗaya za su nuna. In na ga ruwa ya nuna digiri 40 ƙasa da sifili a Kano, ga lambar matsala P0118 a na'ura, to layin ne ya yanke. Sau da yawa ma ba sensar ba ce: soket ne ya yi tsatsa, ko ɓera ya ci waya. Shi ya sa nake hana yara kwance komai sai sun murɗa makulli sun auna sun ga wutar lantarki ta kai bolt 5 a soket.

Wannan mai sauƙi ne, don fitilar gargaɗi tana kamawa. Wadda ta fi ba da wahala ita ce sensar da ke ƙarya kaɗan-kaɗan. Inji ya kai digiri 90, ita tana cewa 40, wani lokaci ba fitila ba lamba, kwamfuta kuwa ta yi ta zuba mai a zaton inji bai ɗumama ba. Irin wannan sai an kwance ta an sa mata mitar auna lantarki. A Corolla da Camry, a digiri 20 tana ba da om 2,000 zuwa 3,000 a mita (om shi ne ma'aunin yadda take tare wuta), a digiri 80 ta sauko wajen 300. Nakan tsoma bakinta a butar shayin gareji, ruwa na zafi ina kallon lamba. In tana sauka sannu a hankali, lafiyarta ƙalau. In tana tsalle ko ta cije wuri ɗaya, ta gama yawo.

Abin da ke ɓata min rai shi ne motar da aka cire wa tamostat, aka haɗa fanka dairek ta yi ta juyawa ba tsayawa, wai don zafin ƙasarmu. Injin nan da ƙyar yake kai zafin aikinsa, balle da hunturu. Sensa gaskiya take faɗa, amma ita ake ɗora wa laifi.

In ta tabbata sai an canja, nakan aiki yaro kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da tsohuwar a hannu, sabuwar ma sai ta bi ta buta kafin a ɗaura, don jabu sun yi yawa. Muna jira inji ya huce kafin a taɓa murfin lagireto, bayan ɗauri kuma a cika ruwa a fitar da iska, domin in iska ta taru a bakin sensa, sabuwar ma ƙarya za ta yi.