Inda na kai da banatocin nan nawa, wata na bakwai kenan

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon sha'anin tsofaffin kayan soja, kun ji ni shiru tun bayan sallar layya, ba wai na daina ba ne, haushin kaina ne ya hana ni magana. Bari in fara da ɓarnar da na yi tunda ita ta fi tsaya min a rai.

Kun tuna doguwar banatin nan, wuƙar bakin bindiga da na ce na samu wajen masu tsofaffin ƙarafa a babbar kasuwa ran Juma'a, jikka shida da kubenta? To na kawo ta gida tsatsa ta cinye ta jajir, ni kuma zumuɗi na cin raina, na ɗauko takardar yashi mai kaushi na hau gurzar ta kamar mai wanke gindin tukunya, sai da ta fara walƙiya sannan na lura akwai wani rubutu siriri kwance a gadon bayanta, irin rubutun haɗe na 'yan lakkal na da. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Rabin rubutun na riga na share shi da hannuna, abin da ya rage "St Etienne" da "187" sai wani ɗan ƙugiya da ko 7 ne ko 9 Allah masani.

Ashe wannan ita ce banatin bindigar Gras, samfurin 1874 ta Faransa, kuma duk darajarta a wannan layin take. Maƙerun gwamnatinsu na Saint-Etienne da Châtellerault da Tulle suna rubuta sunan maƙerar da wata da shekarar da aka ƙera ta a doron, ka ga kenan takardar haihuwarta ce na yaga. Sauran alamomin dai suna nan, na auna ruwanta santimita 52, gaba ɗaya 64, in ka duba ta daga tsini bayanta faffaɗa ne kamar harafin T, ƙotar katako ce gindinta ƙarfe mai ruwan rawaya wato tagulla, ga ƙugiya ta lanƙwasa gaba. Lambar da ke jikin ƙugiyar da ta jikin kuben ba su zo ɗaya ba, wato wani wuri a rayuwarta an yi musanyar kube, wannan ba abin mamaki ba ne ga abin da ya haura shekara 140.

Tun daga ranar na jefar da takardar yashi. Yanzu kananzir kaɗan da tsohon buroshin haƙori, in bar ta ta kwana, gobe in share da tsumma in ɗiga man keken ɗinki, shi kenan. Baƙin da ke jikin ƙarfe a bar shi, jan tsatsa mai ci kaɗai ake yaƙi da shi. Kuma kafin in taɓa komai sai na fito da ita rana da hantsi na karkata ta, hasken gefe shi ke tono rubutun da ido bai gani tsaye, in ɗauki hoto, in kwafe cikin kaye.

Ta biyun ita ce ta ba ni dariya. Wani dillali ya biyo ni har ƙofar gida bayan la'asar da abu naɗe cikin buhu, yana rage murya, wai Alhaji wannan daga wajen Maijirgi ta fito, ta sojojin Bule ce. Kun san labarin, Voulet, wato Bule, da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka bi ta Lugu wajen Sarauniya suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899, ƙarshe nasu sojojin suka harbe su a watan Yuli can wajen Maijirgi, yankin Tasawa. Duk ƙarfen da ya fito daga gabas yanzu na Bule ne, kuɗinsa ya ninka uku. Na ce malam buɗe mu gani. Banatin Lebel ce, ba ta da kaifi ko kaɗan, tsinke ce doguwa mai kusurwa huɗu, in ka kalle ta ta baki kamar alamar tarawa, sojan Faransa suna ce mata Rosalie. Ita bindigar Lebel ta 1886 ce, to a lissafi tana iya riskar 1899, amma banatinta ta wancan zamanin tana da ƙugiya kuma ƙotarta farar ƙarfe ce kamar azurfa. Wannan ƙotar rawaya ce, ƙugiya babu, kuma na shafa wurin da yatsa sumul yake babu alamar an yanke, wato haka aka ƙera ta. Sai a 1915 cikin yaƙin duniya na farko suka fara yin su babu ƙugiya. Na ce masa, malam Bule ya shekara goma sha shida a kabari kafin a haifi wannan. Ya yi dariya ya ce to Alhaji kai ka san boko, nawa ka saya? Daga jikka talatin muka sauko takwas.

Ta ukun daga Jibiya wani abokina direba ya kawo min, ta Ingila ce, ruwanta santimita 43, a gindin ruwan akwai kambin sarauta, ƙasa 1907, ƙasa kuma 8 da 17, sai WILKINSON. Nan ma da farko na ɗauka 1907 shekarar ƙira ce, ina ta yi wa mutane burga, ashe sunan samfurin ne, ainihin haihuwarta watan 8 na 1917. Ɗaya gefen akwai 'yar kibiya ta kayan gwamnatinsu da X na gwajin lanƙwasa. Ta bindigar Lee-Enfield ce, irin da sojan Najeriya suka riƙe zamanin Turawa. Ko ta je yaƙin Bama, wato Burma, ko a bariki ta tsufa, ƙarfen bai faɗa ba, ni ma ba zan ƙara mata ba.

Wani abu a gefe don Allah, ku bar yawo da irin kayan nan a kan kabu-kabu, musamman hanyar Madarunfa da Ɗan Isa yadda gari yake yanzu, jandarma ba zai tsaya jin tarihin 1874 ba kuma da gaskiyarsa. Nawa suna cikin akwati da kwaɗo saboda yara. Tsohon harsashi ko gurneti kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka taɓa, ka sanar da hukuma.

Makon jiya wata tsohuwa a unguwarmu ta aiko jikanta ya kira ni, ta ji ana cewa ina tara kayan soja. Ta kwance wani ƙullin zane, ga lambar yabo ta Croix de guerre, kuros ɗin tagulla da takubba biyu a giciye, bayanta 1939, ƙyallen ya koɗe har ba ka gane launinsa, ga kuma ɗan littafin soja na mahaifinta, tirayer ne, wato sojan Afirka a rundunar Faransa. Ta ce ɗana nawa za ka ba ni? Na ce Inna lambar Faransa ba a rubuta sunan mai ita a jiki, littafin nan ne kaɗai ke cewa ta Baba ce, in na raba su ta zama tagullar kasuwa. Ta yi shiru ta ce ai ita ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba. Muka zauna kan tabarma na karanta mata sunansa da garinsu da lambarsa, na ɗauki hoton kowane shafi, na sa littafin cikin ambulan na takarda don leda tana tara gumi da damina. Jibi zan koma da tabarau mai ƙara girma, akwai shafi biyu na hatimi da tawadar ta bazu ban iya karantawa ba.