Sunayen da suka hau allo: abin da tarihin zazzaɓin shawara ya koya mini

Tambayi ɗalibin kiwon lafiya a ƙasar nan wa ya gano cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin shawara, zai maimaita maka abin da ke cikin takardar malaminsa: Walter Reed, likitan sojan Amurka, 1900. Yi wa ɗan makaranta a Kyuba tambayar nan, zai ce Carlos Finlay, 1881, kuma ransa zai ɓaci idan ka kawo wani suna. Babu maƙaryaci a cikinsu. Wannan saɓani ya zama aikina ne lokacin da makarantar koyon aikin lafiya da nake koyarwa ta ɗora mini shirya allunan tarihin cutar, ni da wasu 'yan ajin ƙarshe, don a kafa a barandar ɗakin gwaje-gwaje. Bangon ƙarami ne. Duk wanda muka liƙa hotonsa, wani muka hana wuri.

Ranar 14 ga Agusta 1881 Finlay ya tsaya gaban majalisar masana ta Havana, babban birnin Kyuba, ya ce sauro ne. Bai tsaya nan ba, har irin sauron ya nuna: mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke ƙyanƙyasa a ruwan da aka ajiye cikin gida, ya kuma fi cizo da rana. Shi ne yanzu ake kira Aedes aegypti. Kusan shekara 20 ya yi yana gwaji, yana sa sauro ya ciji mai ciwo sannan ya ciji mai lafiya, amma sakamakon bai gamsar da kowa ba, wasu ma dariya suka riƙa yi masa. Abin da ya shiga tsakaninsa da hujja lissafin kwanaki ne. Ƙwayar cutar na yawo a jinin majinyaci ne a kwana uku zuwa huɗu na farko kawai. Idan sauro ya sha ta, sai ta yi wajen kwana 12 a jikinsa kafin ta kai ga yawunsa. Finlay kuwa yakan kai sauronsa ga mutum na biyu tun wa'adin bai cika ba.

Wanda ya lura da tazarar wani likita ne da ba kasafai ake jin sunansa ba, Henry Rose Carter. A 1898, a wasu ƙauyukan jihar Mississippi, ya bi gida gida yana rubuta ranar da mutum na farko ya kwanta da ranar da na biyu ya biyo, ya tarar da ratar kimanin mako biyu. Ba shi da wata na'ura, alƙalami ne da haƙuri. Tun da na karanta wannan na daina sassauta wa ɗalibin da ya bar gurbin "ranar fara ciwo" fanko a rajistar asibiti. Sukan ce ai ranar zuwa ta isa. Ba ta isa ba.

A 1900 kwamitin Reed, shi da James Carroll da Aristides Agramonte da Jesse Lazear, ya je gidan Finlay ya karɓo ƙwayayen sauro daga hannunsa. Carroll ya bari sauro ya cije shi, ya kwanta, ya sha da ƙyar. Lazear ma ya kamu, amma shi bai tashi ba: ya rasu ranar 25 ga Satumba, yana da shekara 34. Da sunansa aka kira sansanin gwajin da aka kafa a wata gona a wajen Havana cikin watan Nuwamba.

Tsarin gwajin ya fi komai burge ɗalibaina, saboda ko wanda bai yi boko ba zai gane shi. Ɗakuna biyu aka gina na katako. Na farko an toshe shi, an sa masa murhu ya ɗau zafi, aka shigo da akwatunan zannuwan gado da kayan barcin waɗanda cutar ta kama, shame-shame da baƙin amai da jini da kashi. Mutane suka kwana ciki dare 20, rukuni bayan rukuni, wasu ma sanye da kayan. Ko ɗaya bai kamu ba. Ɗaki na biyu tsaf yake, iska na shiga, an raba shi biyu da ragar waya. A ɓangare ɗaya aka saki sauro 15 da suka sha jinin marasa lafiya, wani ɗan sa-kai mai suna John Moran ya shiga ranar 21 ga Disamba, ranar Kirsimeti zazzaɓi ya kayar da shi. Waɗanda suka kwana a ɗaya gefen ragar, iska ɗaya suke shaƙa da shi, lafiyarsu ƙalau.

Inda aji ya rabu biyu shi ne kan takardar yarjejeniya. Reed ya sa an rubuta ta da Turanci da Sifaniyanci, tana faɗa wa mutum ƙarara cewa ransa na cikin haɗari, za a ba shi dala 100 na zinariya, idan ya kamu a ƙara masa 100. A zamanin wannan ci gaba ne babba. Shekara uku kafin nan wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Sanarelli, ya yi wa majinyata biyar allurar abin da ya ɗauka shi ne dafin cutar a birnin Montevideo na ƙasar Uruguay ba tare da saninsu ba, uku suka mutu. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar Reed baƙi ne 'yan ci-rani daga Sifen, sababbin zuwa, waɗanda kowa ya san cutar na jiransu a gari ko sun shiga gwaji ko ba su shiga ba. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan yarda ce ko dai talauci ne ya sa hannu?" Na ce ta rubuta tambayar yadda ta faɗe ta, muka sa ta a ƙasan allon. A ganina takardar ta cancanci yabo, tambayar kuma ba ta da amsa mai daɗi, kuma bangon ya iya ɗaukar su biyun. Moran da wani sojan da shi ma ya ba da jikinsa, John Kissinger, dai sun ƙi karɓar kuɗin. A sansanin ba wanda ya mutu, sai dai a wani gwajin da aka yi a Havana a 1901 mutum uku sun rasu, cikinsu har da ma'aikaciyar jinya Clara Maass, mai shekara 25. Daga nan aka dakatar.

Game da aikin tono tarihin kansa, wajen Philip Hench na fi ƙaruwa. Likitan ciwon gaɓɓai ne a asibitin Mayo da ke Amurka, ya sami kyautar Nobel a 1950 kan maganin cortisone, babu abin da ya haɗa aikinsa da sauro. Tun wajen 1937 ya ɗauki labarin nan ya sa a gaba, yana rubuta wa tsofaffin da suka yi saura wasiƙu, yana tara hotuna da taswirori. Sai ga shi mutanen da suka zauna a wurin da kansu sun kasa haɗuwa kan inda sansanin yake. Shekara 40 ta wuce, gari ya ci gona, kowa kuma yana rantsuwa da abin da ya tuna. Hench bai ƙaryata kowa ba. Ya je Kyuba, ya zaga tare da Moran, ya gwama maganar baki da tsofaffin hotuna da littafin lissafin mai gonar da aka yi haya, har aka tabbatar da wurin. Ashe ɗakin nan na ƙazaman zannuwa yana tsaye, ya tsufa ya ruɓe. Ranar 3 ga Disamba 1952 gwamnatin Kyuba ta buɗe wurin a matsayin dandalin tunawa. Ranar ba haka kawai aka zaɓe ta ba, ranar haihuwar Finlay ce. An sa Finlay da Reed a jere ɗaya, an kuma rubuta sunayen waɗanda suka ba da jikinsu. Littafin da Hench ya yi niyyar rubutawa bai kammala ba har ya rasu a 1965. Takardunsa suna ajiye a Jami'ar Virginia. Na kan tuna wa kaina wannan idan na ga tarawa ta fi mini rubutawa daɗi.

Rabin labarin a nan yankinmu ya faru, kuma shi ne ɗalibai ba su taɓa ji ba. A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta kafa tashar bincike a Yaba, Legas. A watan Yunin 1927 Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani saurayi mai shekara 28, Asibi, a garin Kpeve na ƙasar Gana ta yau, aka yi wa biri allurarsa, birin ya kamu. A karon farko ke nan da aka riƙe ƙwayar a hannu. Asibi ya warke. Adrian Stokes, ɗaya daga cikin masu aikin, cutar ta kashe shi a Legas a watan Satumban shekarar. Ƙwayar jinin Asibi ce Max Theiler ya yi ta renonta a New York har ta yi laushi ta zama rigakafin 17D a 1937, ya karɓi Nobel a 1951. Allurar da ake yi wa jariri a wata tara, da wadda maniyyaci ke yi kafin a buga masa hatimi a katin nan mai ruwan ɗorawa, duk tsatson jinin mutumin nan ne.

Wani abokin aikina da ya ga jerin ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Akwai gaskiya a ciki, amma ban yarda da ita duka ba, don likitocin ma sun sha bugun. Da shi muka yi ta ja kan Hideyo Noguchi, ɗan Japan ɗin da ya dage cewa wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo cutar, har aka yi rigakafi da ita, alhali ba ita ba ce. Ya zo Accra don ya kare matsayinsa, cutar ta kashe shi a watan Mayun 1928, kwanaki kaɗan bayansa abokin aikinsa William Young ya bi shi. Yau akwai cibiyar bincike mai sunansa a Jami'ar Gana da ke Legon, hotonsa kuma ya yi shekaru a kan takardar yen 1,000. Abokina ya ce wanda ya yi kuskure ba shi da gurbi a bango. Ni na sa shi, na rubuta a ƙarƙashin hoton abin da ya faɗa da yadda aka gano ba haka ba ne. Asibi kuwa muka ba shi allo guda shi kaɗai: suna, gari, shekaru, da shekarar da aka ɗebi jininsa.

Allo na ƙarshe na ɓarkewar 2019 ne a yankin Alkaleri da Yankari a jihar Bauchi. Na tura ɗaliban da suka fito daga can su zauna da ma'aikatan da suka yi aikin tun ba su yi ritaya ba, su kuma roƙi a nuna musu rajista. A wani wurin aka ce musu ta ɓata wajen sauya ofis. A wani kuma an same ta cikin kwali, ranar da wata ma'aikaciya ta tuna a matsayin ranar majinyacin farko ta saɓa da wadda ita da kanta ta rubuta a lokacin. Ɗaliban suka bugo waya suna tambaya wacce za su ɗauka. Na ce su kawo duka biyun, kowace da bayanin inda aka samo ta.