Ƙasar da bado ke so a cikin tukunya

Duk wanda ya saba da renon furanni a tukunya ya san ƙa'idar: a nemi ƙasa marar nauyi, mai shan iska, wadda ruwa ke ratsawa ya wuce. Aikin kula da tafkunan lambu ya koya mini cewa bado ba ya cikin wannan lissafi. Shi ƙasa mai nauyi yake so, irin wadda mai lambu zai taɓa ya yatsine fuska ya ce ta cika danƙo.

Dalilin a fili yake da zarar an tuna inda tukunyar za ta zauna. Ƙasar buhu da ake haɗawa don furannin tudu cike take da ɓawon itace, da zaren kwakwa, da ruɓaɓɓen ganye, da wasu fararen ƙwayoyi da ake kira falayit, dutsen aman wuta ne da aka gasa har ya kumbura. Duk an zuba su ne don ƙasar ta yi sakwa-sakwa. Ka nutsa wannan a ruwa, kafin ka ɗago hannunka fararen ƙwayoyin sun taso sun bazu, ɓawon ya bi bayansu. Abin da ya rage a ƙasan tukunyar kuma sai ya shiga ruɓewa inda babu iska. Bayan 'yan makonni idan aka ɗago ta, ƙasar ta yi baƙi ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, jijiyoyin da ya kamata su zama farare sun yi laushi suna tsinkewa a hannu. Sinadaran da suka tsere cikin ruwa kuwa gansakuka ce ke cin moriyarsu, ruwan ya koma kore shar.

Taki ɗanye ma haka yake yi, ya fi muni ma, domin kifayen tafkin kan sha wahalarsa.

Abin da ke aiki shi ne ƙasar saman gona mai yumɓu a ciki, amma ba zallar yumɓu ba. Gwajin da nake yi ba ya bukatar kayan aiki. In jiƙa ƙasar, in dunƙula a tafin hannu. Idan ta wargaje da na buɗe hannu, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe saiwa ba, ba kuma za ta riƙe abinci ba. Idan ta mulmulu ta yi santsi tana sheƙi, ta ƙi fashewa ko an danna, wannan ta maginin tukwane ce, jijiya za ta sha fama kafin ta ratsa, sai an sirka mata ɗan yashi. Wadda ake nema ita ce mai dunƙulewa ta zauna, amma in ka danna da babban yatsa ta tsage. Mai son ƙarin tabbaci ya zuba ta a kwalba da ruwa ya girgiza: yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, yumɓu kuwa kan yi kwanaki yana yawo kafin ya sauka.

Amfanin yumɓu biyu ne. Nauyinsa yana danne saiwar, wadda ita kanta tasowa take yi in ba a riƙe ta ba, ga faffaɗan ganye da iska ke ja. Sannan ƙananan ƙwayoyinsa suna kama sinadaran abinci su riƙe su kusa da jijiya. Shi ya sa na daina kallon ƙasar a matsayin abincin bado. Riƙo ne aikinta. Bado kuwa akwai ci, amma abincinsa daban ake ba shi: ƙwayar takin zamani da aka yi don tsirran ruwa, a tura ta da yatsa can cikin ƙasar nesa da kan saiwar, a toshe ramin. A lokacin da yake fure ana maimaitawa kusan duk wata, gwargwadon irin ƙwayar.

Sai a kula da inda aka ɗebo ƙasar. Wurin da aka fesa maganin ciyawa ko na ƙwari a bar shi, komai kyan ƙasarsa.

Dasawar ma tana da nata. Irin badon ƙasashen sanyi, wanda wani Bafaranshe mai renon furanni, Joseph Bory Latour-Marliac, ya yi suna wajen haɗa launukansa tun daga gonarsa da ya kafa a 1875, saiwarsa a kwance take tafiya. Don haka ana ajiye gindinta a bakin tukunya, a ɗan karkace, kan mai tsiro yana fuskantar tsakiya, ta sami filin tafiya. Na ƙasashen zafi saiwarsa dunƙulalliya ce, a tsakiya ake sa ta. Ko wanne ne, ba a binne kan da ganye ke fitowa. Tukunya mai faɗi ta fi mai zurfi, kamar santimita 30 zuwa 40 a faɗi. Idan mai huji-huji ce, a shimfiɗa tsumman buhu a ciki kada ƙasar ta zurare.

A sama ana zuba wankakkiyar tsakuwa, kaurin santimita 2 ya isa, a bar wa kan saiwar sarari. Inda akwai manyan kifaye irin su kifin adon da ake kira koyi, masu son tono da baki, gara a sa duwatsun da suka fi ƙarfin bakinsu. Kafin nutsawa nakan jiƙa ƙasar sosai, sannan in saukar da tukunyar a karkace a hankali, iskar da ke ciki ta fita ba tare da ta tayar da laka ba. Sabon dashe ana ɗora shi kan bulo kusa da saman ruwa, a riƙa rage bulon yayin da ganyen ke tsawo. Bayan shekara 2 ko 3 saiwar za ta cika tukunya, fure ya ragu, ganye ya yi cunkoso yana ɗagowa sama da ruwa. A nan ake fito da ita a raba, a zubar da tsohuwar ƙasar a sa sabuwa.