Kafin ka juya madubin hangen nesa ya kalli rana

Ƙannena masu sha'awar ɗaukar hoton rana, a bakin madubin hangen nesa ake sa filta mai rage hasken rana, can gaba, tun haske bai shiga ba. Ƙaramin baƙin gilashin nan da ke zuwa cikin kwalin madubi mai araha, wanda ake murɗawa a wajen sa ido, ku jefar da shi. A daidai nan hasken yake taruwa, zafi yakan fasa gilashin ba zato, kuma ƙwayar ido ba ta jin ciwo lokacin da take ƙonewa. Fim ɗin hoton asibiti da gilashin da aka turara da hayaƙi ba kariya ba ne. Ko tabaran kallon husufi ba a leƙa madubi da shi.

Ku fara da filtar farin haske. Ledar Baader AstroSolar, wadda ake yin wannan filta da ita, iri biyu ce, kuma nan ake yawan ruɗewa. Mai lamba 5.0 tana rage haske sau 100,000, ido da kyamara duk suna iya aiki da ita. Mai lamba 3.8 ta kyamara ce kaɗai. Duk ranar da za ku yi aiki, ku ɗaga ledar gaban ƙwan lantarki, in kun ga huda ku canza ta. Kada ku ja ta ta yi tsam a jikin kwalin da za ku manna ta, ɗan yamutsewa ba ya ɓata hoto, ja ne ke ɓata shi. Ku ɗaure ta da salatif, don iskar hunturu ba ta da wasa. Ƙaramin madubin saiti kuwa a rufe shi. Da inuwa ake nemo rana: ku juya madubin har inuwarsa a ƙasa ta ƙanƙance.

Wannan filta baƙaƙen tabon fuskar rana take nunawa. In kun ƙara koriyar filta ta nanomita 540 (nanomita ma'aunin launin haske ne) a bayanta, tabon zai fi fitowa, amma ita kaɗai ba ta kare komai.

Harsunan wuta da ke tashi a gefen rana sai da filtar H-alpha ake ganin su, mai barin jan haske na nanomita 656.28 ya wuce, kuma faɗin hasken da take bari bai kai kashi ɗaya cikin goma na nanomita ba, irin ta madubin kamfanin Lunt ko Coronado. Akwai wata mai suna iri ɗaya ta hoton dare, mai faɗin nanomita 7. Kada araha ta ja ku. Ba za ta nuna harsunan ba, kuma kyamara da ido duk suna cikin haɗari. Filtar Calcium K ta nanomita 393 aikin kyamara ce, ido da ƙyar yake ganin wannan launi.

A Zariya safiya ce lokaci, kafin kwanon rufi da kwalta su ɗau zafi iska ta fara rawa. Fili mai ciyawa a Samaru ya fi saman bene na siminti. Hazo mai kauri yana dushe hoto, safiyar bayan ruwan sama ta fi. Ƙurar da ta sauka kan gilashi a hure ta, ba a gogewa.

Bidiyo ake ɗauka, na kamar daƙiƙa 30, domin fuskar rana tana sauyawa in an daɗe. Ku lulluɓe allon kwamfuta da zane, ku saita kaifin hoto a kan gefen rana, sannan ku bar manhajar AutoStakkert ta haɗa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na hotunan da suka fi kyau.